Ɗan Maƙeri da Na'urar da Ba Ta Jin Baƙin Ƙarfe

Shekarun baya, tun ina da ƙarfin da zan yini a tsaye cikin gona, na taɓa sayen wata na'ura da har yau in na tuna ta sai na yi wa kaina dariya, can kuma dariyar ta ɗauke. Na'urar gano ƙarfe ce a cikin ƙasa, irin wadda Turawa ke yawo da ita don nishaɗi. Sanda ce mai faifai a ƙasa, da ɗan akwati a sama, da abin saƙalawa a kunne. Kana tafe kana shara da faifan a saman ƙasa, in ya bi ta kan ƙarfe sai ka ji ƙara.

A Ingila na saye ta, a farkon shekarun tamanin, lokacin da aka tura ni kwas kan aikin noman rani. Kafin nan na yi shekaru a Sudan ina aikin raba ruwa a gonakin auduga, na ɗan zauna a Nijar da Chadi, har bakina ya kama Larabci da Faransanci, ban da Ingilishin makaranta. Amma duk inda na zauna ban taɓa ganin kaɗaici irin na ranar Lahadi a Ingila ba. A Sudan ko ba ka san kowa ba, wani zai jawo ka shan shayi. A can kuwa gari ya yi tsit, shaguna a rufe, kowa ya shige gidansa ya ja ƙofa. Tsohon da nake haya a gidansa ne ya ga ina yini ina kallon taga, ya ce in bi shi gona. Na tarar da tsofaffi kamar goma, kowa da sandarsa, kowa kunne a toshe, suna tafe a jere ba mai yi wa wani magana. Na ce a raina, to, ga wasan da ya dace da baƙo.

A lokacin kamfanoni biyu ne ke kokawa a kan waɗannan tsofaffi. Mu da launin akwati muke bambanta su: akwai mai ja, akwai mai ruwan toka. Duk wata mujallar masu wannan sha'awa za ta fito, shafin dama na wannan, na hagu na wancan, kowa na zuba habaici ba tare da ya kama suna ba. Mai ruwan toka ya ce tasa ta fi nisan ji, ko allura ce a binne sai ta faɗa. Mai ja ya ce, me mutum zai yi da allura? Sabuwar tasa ba ta ma kula baƙin ƙarfe. Ƙusa, guntun garma, tsohuwar sarƙa, duk shara ne, tun daga masana'anta an toshe mata kunne a kansu. Zinariya da azurfa da tagulla kaɗai take amsawa, kuma maɓalli ɗaya gare ta, ka kunna ka kama hanya. Tsofaffin nan har sun rabu gida biyu kamar 'yan dambe, in an zo shan shayi masu ja teburinsu daban, masu toka daban.

Ni na san irin wannan tun ina yaro, don a rumfar maƙera ta kasuwar Bunkure haka ake yi. Wannan ya ɗaga fartanyarsa ya buga ta a dutse don a ji amonta, na kusa da shi ya ce wa mai saye, “Saya mana, in kana son ka sake dawowa kasuwa mai zuwa.” Bambancin kawai, Turawa a takarda mai sheƙi suke nasu.

A shago mai sayarwa ya zuba yashi a akwati, ya binne ƙusa mai tsatsa da zoben azurfa. Ta toka ta yi ihu a kan duka biyun. Ja kuwa ta wuce ƙusar shiru, kamar mai sabon takalmi ya tsallake kwata, ta zo kan zobe ta saki wata siririyar ƙara mai daɗi. Nan take na ce ita nake so. Ni, ɗan maƙeri jikan maƙeri, wanda aka yaye da ƙarar masaba, na sayi abin da duk taƙamarsa ita ce raina baƙin ƙarfe. A ranar ban ma ga abin mamaki a ciki ba.

Da na dawo gida aka ajiye ni a Kadawa, a wani gidan ma'aikata mai ɗaki biyu a bakin kanal, iyalina kuma suna birni saboda makarantar yara. Aikina zagayen ƙofofin ruwa, in duba wanda ya samu da wanda bai samu ba. Unguwar da aka haife ni tana tsakanin Kura da Bunkure, ko in ce tana can a da. Ina Sudan mahaifina ya rasu, ina can kuma aikin ruwa ya iso. Aka tashi unguwar, gidaje ne ba su kai ashirin ba, aka mayar da mutane bakin titi, katafila ta bi ta daidaita ƙasar don ruwa ya riƙa kwanciya daidai. Maƙabarta an kewaye ta an bar ta. Amma kukar ƙofar gidanmu babu, rijiya babu, ko guntun katanga babu. Na ga kufai a ƙasashe da yawa, ko'ina akan bar wa mutum wani abu da zai nuna da yatsa ya ce a nan aka haife ni. Ni nawa alkama ce shimfiɗe har iyakar gani.

Sa'o'ina kuma sun mayar da ni baƙo. In na je majalisa sai a miƙe, a ce “Injiniya ne, a kawo sabuwar tabarma,” hira ta mutu har sai na tashi. Wai ma ina magana kamar rediyo.

Mahaifiyata tana gidan ƙanena a sabuwar unguwa, yanar ido ta fara rufe mata gani. Duk Juma'a nakan je in gaishe ta. Wata rana na ɗauki na'urar don in ba mutanen gidan dariya. Aka binne munduwarta a yashi, na saƙala mata abin ji a kunne, na bi da faifan. Da ƙarar ta tashi kowa ya yi shewa, ita ba ta yi ba. Sai da aka watse, ya rage daga ni sai ita, ta ce, “Kai.” Ba ta taɓa kiran sunana ba.

“Na'am, Inna.”

“Wannan abin naka, in ƙarfe ya yi shekara da shekaru a ƙasa, yana ji?”

“Yana ji.”

“To ka nemo mini maƙerar ubanka.”

Na ce ai uwar maƙera da zugazugi duk an kwaso su, suna ɗakin ƙanena. Ta ce ba su take nufi ba. Kashin maƙera take nufi, wannan dattin ƙarfe da ke taruwa a gindin wuta, wanda mahaifina da kakana suka yi shekaru suna zubarwa wuri ɗaya a bayan rumfa har ya zama tsibi.

“Daga tsibin nan, in ka fuskanci gabas, taku goma sha biyu ne bayan ɗakina,” in ji ta. “Akwai uku a wurin. Kafin kai. Biyu ba su kai suna ba, ɗaya ta fara zama.”

Na haura shekara talatin da biyar a lokacin, ban taɓa jin wannan magana ba. Na dai san al'adar: jariri ba a kai shi maƙabarta, a bayan ɗakin uwarsa ake sa shi.

Ta ce, “Ranar da aka tashe mu, maza na ta kwasar azara da tukwane. Wa zan tsayar in gaya wa? Da wane baki? Ni ba tono nake so ba. So nake in tsaya a wurin sau ɗaya, in yi musu addu'a ina sane da inda suke, kafin idon nan ya ƙarasa. Kuma kada in ji maganar nan a bakin kowa.”

Na ce to. Na kasa gaya mata cewa abin da na ɗauko tun daga Ingila an gina shi ne don kada ya ji irin abin da take so in nemo.

Duk da haka na gwada. An yanke alkama, gonaki sun zama fili, na ce ko Allah zai sa in dace da anini ko guntun tagulla da zai nuna mini inda gidaje suka zauna. A nan na yi wauta ta biyu. Na tashi daga aiki da kakina, a kan babur ɗin ofis, na shiga gonakin mutane da sanda ina shara, ban bi ta wurin mai unguwa ba, ban gaisa da kowa ba. Na manta abin da kowa a wurin bai manta ba: rabon da su ga masu kaki suna yawo da sanduna a gona, tun zuwan da aka yi aka tashe su. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Madobi wai za a sake awo. A masallaci ana sallamewa na kusa da ni zai zare jiki. Mai shayin da nake zama wurinsa da safe, da ya hango ni sai ya ce burodi ya ƙare.

Rana ta huɗu mai gonar da nake zargin ita ce kufan namu ya tare ni. Ba mutumin unguwarmu ba ne, a rabon da aka sake yi bayan aikin ruwa wurin ya faɗo masa. Ya tsaya da fartanya a kafaɗa.

“Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Awon ne kuma?”

“Ba awo ba ne, malam. Abin wasa ne.”

“Wasa.” Ya dubi kakina, ya dubi babur. “Waɗancan ma da suka zo da sanda mai ja da fari, suna yi suna dariya ne. In gonar ake so, a gaya mini tun da wuri. In kuma tukunyar kakanku kake nema, to ƙasa dai yanzu tawa ce.”

“Ba ko ɗaya.”

“To mene ne?”

Na naɗe wayar na'ura na hau babur. Daga ranar ban sake shiga gonar ba har damina ta sauka aka yi shuka.

Cikin daminar nan na rubuta wa kamfanonin biyu wasiƙa. Na tambayi mai ja ko akwai yadda zan buɗe wa na'urarsa kunne ta ji baƙin ƙarfe. Na tambayi mai toka ko tasa za ta iya da irin ƙasarmu. Bayan kamar wata biyu amsoshi suka iso, kusan tare. Mai ja ya ce kada in kuskura in buɗe akwatin, kuma ai wannan samfurin ya zama tsohon yayi, sun fitar da sabo mai maɓallin da ke jin kowane ƙarfe, wanda ya bar “wasu” a baya nesa. Ya ƙara da tambaya ko zan so in zama wakilinsu a Afirka ta Yamma. Mai toka kuwa murna ya yi. Ya ce bai yi mamaki ba da na'urar “wasu” ta ba ni kunya, ya roƙi izinin buga wasiƙata a mujalla, in da hali da hotona cikin kayan gargajiya ina riƙe da tasu. A bakin kanal na karanta su, ni kaɗai, ruwa na wucewa. Mutum biyu a wata duniya suna jayayya a kaina, ba wanda ya tambaye ni me nake nema. A nan gida kuma kowa tambayar yake, ni ne ba ni da ikon amsawa.

Duk Juma'a in na durƙusa gaban mahaifiyata ba ta tambaya. Sai dai ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ɗan jira, in na shiga zancen ruwan sama sai ta ce, “To, Allah ya ba da damina mai albarka.” Wannan jiran ya fi mini tambaya ciwo. A lokacin ta daina gane fuska, sai inuwa.

Akwai abokina guda a Kura, mai gyaran rediyo, tare aka yi mana kaciya. Shi kaɗai ne a duk yankin bai daina zagina ba, shi ya sa nake son zuwa shagonsa. Da kaka ta matso na kai masa na'urar na yi masa bayanin ciwonta. Ya ajiye abin da yake yi, ya dube ni sama da ƙasa.

“Tsaya, Bature. Ka ce ba ta jin me?”

“Baƙin ƙarfe.”

“Kai ɗin? Ɗan gidan maƙera? Ka tsallake teku ka sayo kurma?” Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Allah ya jiƙan Baba. Da yana nan da ita zai fara gwada sabuwar masaba.”

Na ce masu ita sun ce kada a buɗe.

“Masu rediyo ma haka suke rubutawa a baya. Da na bi tasu da yunwa ta kashe ni.”

Ya kwance akwatin, ya daɗe yana leƙe da gilashinsa mai ɗaurin zare. Can ya nuna mini wani ɗan abu kamar kan ƙusa da aka ɗiga wa jan fenti don kada a taɓa. Ya kankare fentin, ya jefa tsohuwar fartanya a ƙasa, ya ce in riƙe faifan a kanta. Yana murɗawa kaɗan kaɗan, shiru, shiru, sai ga wani ihu a kunnena da ya sa na yi tsalle na bugi kwalin batir.

“Ga ta nan,” in ji shi. “Na cire mata girman kai. Saura kai.”

Yana mayar da murfi ya tambaye ni me nake nema a gonar mutane. Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ƙarasa ɗaure murfin.

“To riƙe abinka. Amma mai neman dukiya ba irin wannan ramar yake yi ba.”

Shi ya sayi goro ya je wurin mai unguwa, suka je wa mai gonar tare. Ban san me ya gaya musu ba. Sharaɗin da aka kawo mini shi ne: daga ranar da aka kwashe masara zuwa ranar da za a saki ruwan alkama, kwana tara, ba ƙari. Mai gona zai tsaya a wurin, kuma duk abin da na tono a ajiye shi a fili kowa ya gani.

Na ɗauki hutu, na cire kaki na sa 'yar shara. Na'urar da a da ba ta kula kowa yanzu ta zama mai surutu: gwangwani, noti da ya faɗo daga tarakta, guntun waya, komai sai ta yi masa ihu. Mai gona yana zaune a kan kunya yana ɓare gyaɗa yana kallona. Rana ta uku na tono wani dunƙule baƙi, mai ramuka, mai nauyin da ya fi girmansa. Ban buƙaci kowa ya gaya mini ba, sau nawa irinsa ya yanke ni a ƙafa ina yaro. Na kafa kara a wurin. Duk inda na sake samu sai in kafa wani.

“Injiniya, wai kashin maƙera kake tarawa?” in ji mai gona. “Ai da ka faɗa tun farko da na ba ka kwando. Shi ke cinye mini bakin fartanya kullum.”

Na yi zaton karan za su taru wuri ɗaya, in sami tsibin, in fuskanci gabas in ƙirga taku. Ba su taru ba. Zuwa rana ta shida sun miƙe sun yi dogon layi kamar wutsiya, daga tsakiyar gonarsa suka nufi yamma, suka haura kunya suka shiga gonaki biyu na maƙwabta. A tsakiyar gonar ba su wuce zurfin tafin hannu ba, ƙarƙashinsu jar ƙasa ce tsantsa da ba a taɓa taɓawa ba. A can yamma kuwa har zurfin kamu biyu ina samunsu, cakuɗe da guntayen fasassun tukwane da gawayi.

Na san abin da wannan ke nufi, amma na ƙi yarda sai da na je ofis na zaro taswirar daidaita ƙasa. A irin wannan takarda kowane wuri akwai lamba: nan a yanke kaza, can a cike kaza. Gidanmu a kan tudu yake. An yanke tudun kusan tsayin ƙirjin mutum, an tura ƙasar yamma an cike kududdufin da muke ɗiban ƙasar gini. Kabarin jariri bai kai wannan zurfin ba.

Na daɗe zaune da takardar a cinya. Ban iya jin haushin kowa ba, don wanda ya zana ta bai sani ba, mai tuƙa katafila bai sani ba. Ni kaina na sa hannu a kan irinta ba sau ɗaya ba a Sudan, ina alfahari da yadda ruwa ke kwanciya, ban taɓa tambayar me ke bayan ɗakin wa ba.

Kwana biyu ina shawara da zuciyata. Hanya mai sauƙi tana nan: in kai ta wurin karan farko, in juya ta gabas, in ƙirga goma sha biyu, in ce Inna, nan ne. Ba ta gani. Ba wanda ya san maganar balle ya ƙaryata ni. Na yanke cewa haka zan yi, har na je na tsaya a wurin na share shi da ƙafa.

Ana gobe za a saki ruwa na ɗauko ta da hantsi a motar abokina. Daga bakin hanya na riƙe mata hannu, muna tafe a hankali cikin kututturen masara. Mai gona yana can gefe a tsaye. Na kai ta karan farko, na sa mata dunƙulen a tafin hannu. Ta shafa shi, ta juya shi, ta daɗe tana murza shi da babban yatsa. Na buɗe baki zan fara ƙirga, sai ta riga ni.

“Ina tudun?”

“Na'am?”

“Gidanmu hawa ake yi. Shekara arba'in ina hawa da tulu a ka. Tun daga bakin hanya ban ji na hau komai ba.”

Ƙaryar da na yi kwana biyu ina ginawa ta rushe a nan. Na durƙusa na gaya mata komai: yankan, da turawar, da kududdufin, da layin kara. Ban ɓoye ko ɗaya ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Daga ina zuwa ina?”

Na ce yana da nisa.

“Na tambaye ka nisa?”

Haka muka kewaye shi duka. Daga karan farko muka bi gefen layin har cikin gonakin maƙwabta, muka zagayo ta ɗaya gefen. Tana tafe bakinta na motsi, wani wurin ta tsaya ta huta a jikina. Ban taɓa sanin ta yi rashin nauyi haka ba. Rana ta take kafin mu dawo inda muka fara.

Mai gona ya yi tari. Ta juya.

“Wane ne nan?”

Na ce mai gonar ne.

“Ɗan nan, matso.”

Ya matso yana gaisuwa. Maganar da ta hana ni faɗa wata bakwai, wadda ta riƙe fiye da shekara arba'in ko ƙanena bai sani ba, ita da bakinta ta gaya wa mutumin da ba ta taɓa gani ba, cikin jimla uku. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya zare takalmansa ya tsuguna.

“Inna, shekara nawa ina sa garma a nan. Wallahi ban sani ba. Wallahi da na sani...”

“Wa ya ce ka sani? Yi nomanka, ka ci da iyalinka, halal ɗinka ne. Su ba su san komai ba sai nono. Abu ɗaya nake roƙo. In ka shigo da safe, ka yi sallama. Yara ne, kada a riƙa faɗo musu haka kawai.”

Ya ce, “Na ɗauka, Inna.” Ya miƙe ya mayar da takalmansa. Na riƙe mata hannu muka koma mota.

Washegari ni na buɗe ƙofar ruwan da hannuna, don aikina ne. Na tsaya ina kallo ya bi kunya kunya ya shiga gonar, ya kwanta daidai, ba tudu ba kwari, karan da na kafa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ba zan ce muku daga nan gari ya rungume ni ba. Jita-jitar awo ta mutu da kanta, mai shayi ya sake samun burodi, amma sabuwar tabarma ba ta daina fitowa ba in na je majalisa. Ni da mai gona ma ba mu zama abokai ba, gaisuwa ce kawai. Mahaifiyata ta rasu bayan damina biyu, ba ta sake ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Sai wata safiya bayan rasuwarta, man babur ya ƙare mini ina turawa a gefen kanal, na hango shi ya iso bakin gonar da fartanya. Bai gan ni ba. Ya tsaya, ya gyara murya, ya ce “Salamu alaikum” da ƙarfi irin na mai shiga gidan mutane, ya ɗan jira, sannan ya taka ciki. Na tsaya riƙe da babur har ya yi nisa.

Na riƙe wannan labari tsawon shekarun nan saboda kunyar ba tawa ba ce. Yanzu duk waɗanda ta shafa sun tafi, har abokina, har mai gonar. Abin da ya bar mini ba wani babban darasi ba ne. Na dai gane cewa na zagaya duniya ina koyon yadda ake auna ƙasa, tsohuwar da ba ta gani ta auna ta da tafin ƙafa ta kama ni. Na kuma gane cewa da na yi mata ƙaryar nan ta tausayi, da ta yi addu'a a kan taku ɗaya na jar ƙasa, ni kuma in ɗauki sauran ni kaɗai har kabarina.

Gonar ta sauya hannu ba sau ɗaya ba, shinkafa ake yi a wurin yanzu, ban san masu ita ba, ban kuma san ko wani ya gaya musu ba. Yayyena ne su ukun, amma ko sunan wadda ta kai suna ban sani ba, ban tambaya ba, ba a gaya mini ba. In hanya ta bi da ni ta wajen, nakan sa direba ya rage gudu, in sauke gilashi in yi sallama. Ba a amsawa. Amma duk faɗin ƙasar nan, a nan ne kaɗai nake jin na yi sallama a gidanmu.